Ranar da Tambari Ya Ɓoye Ramin Unguwarmu

Ina cikin wata na uku na takaba amsar da Malam ya yi shekara uku yana jira ta iso. Shi da ya yi ta rubuce-rubucen yana kwance a makwancinsa, ita kuwa takarda ta zo da sunansa a bayan ambulan, da hatimi da komai. Na karanta ta a hankali, don karatuna a aji shida na firamare ya tsaya. Maganar gajera ce. Ranar Alhamis ta sama za a turo injiniya daga ƙaramar hukuma a auna ramin da ruwa ya ci a bayan gidanmu. Wuri shida za a duba, biyu kaɗai za a yi wa kwalbati bana, waɗanda suka fi muni.

Shekarar da muka tare a gidan nan, ko tsohuwa tana tsallake ramin da tulu a kai. Yanzu in dogon mutum ya shiga sai dai a hango hularsa. Kowace damina yana cin taku ɗaya zuwa wajenmu, kuma taku biyu suka rage tsakaninsa da bangon ɗakin da Malam ya gina da hannunsa. A ɗakin nake kwana, a cikinsa ya cika, kuma ba ni da wani. Wannan shi ne lissafina gaba ɗaya.

Unguwarmu ana ce mata Bayan Tasha, a nan Gwandu. Duk wanda mota ta sauke ya duba gabas da yamma bai ga dangi ba, nan yake kafa gida. Akwai Lukuman Bayarabe mai gyaran janareto, wanda Hausarsa ta fi tawa. Akwai Obinna mai kemis. Akwai Malama Rifkatu 'yar Zuru da ke koyarwa a firamare, ita ce bangonta ke haɗe da nawa. Ga Zabarmawa masu ga-ruwa, ga Fulani masu nono, ga Kabawa masu ƙyafaffen kifi. Ba abin da muka taɓa yarda a kansa baki ɗaya sai ramin nan, don ba gidan da bai cinye wa wani abu ba, daga akuya har tayar babur.

Malam shi ne yake yi wa unguwa zirga-zirgar hukuma, kuma bai san babban mutum ko ɗaya ba. Da kaka ya ɗauki igiya ya auna rami, ya rubuta, ya hau keke ya kai ofishin karɓar takardu, a buga masa hatimi, ya dawo. Iyakar dabararsa ke nan.

Sai ga Tambari.

Tambari ɗan baffan Malam ne, ƙaninsa, don haka akwai wasa tsakaninmu, ko da yake shi kaɗai yake jin daɗin wasan. Sana'arsa hayar rumfa da kujerun roba. Daga nan ya samo ra'ayinsa cewa duk aikin gwamnati biki ne. In ya buɗe baki sai ya ce ba ciyaman ɗin da aka yi a ƙasar nan wanda bai zauna a kan kujerarsa ba, kamar mazaunin mutum ne yake riƙe zumunci.

Tun da ba ni fita, a zaurena aka yi taron unguwa, ni ina bayan ƙyaure ina ji. Mai unguwa Bawa ya karanta takarda, ya tambaya wa zai tsaya a madadin marigayi. Kafin ya rufe baki Tambari ya miƙe ya karɓe ta ya zura a aljihu. Ya ce shi da mutanen sakatariya kamar 'yan ɗaki ɗaya suke. Ya ce Allah ya jiƙan Yaya, amma Yaya ya ɗauki gwamnati kamar makaranta, a rubuta a miƙa a jira maki. Gwamnati kuwa tarba take so. Wuri shida ne, kowa zai nuna rami. Mu za mu nuna mutunci.

Obinna ya tambaya ko mutunci ake zuba wa siminti. Tambari ya ce masa ya tsaya a kan maganin tari, wannan fagen ba nasa ba ne.

Na ce daga bayan ƙyaure, "Tambari, rami aka ce za a zo gani. A bar shi yadda yake, ya iya bayanin kansa."

"Matar Yaya, ki ji da tasbihinki. Yaya ya yi shekara uku, ni kwana tara na roƙa."

Na ce ai shekara ukun ce ta kawo takardar da ke aljihunsa. Ya yi kamar tari ya sarƙe shi, aka tashi taro.

Washegari ya sa babbar riga ya ce Lukuman ya kai shi sakatariya a babur, zai je ya gaisa da mutanensa ya ji wane babba za a turo. Da azahar suka dawo, Tambari yana share gumi yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa tun safe yana cikin zauren taro da manya, har sai da ya roƙa aka sake shi.

Da la'asar Lukuman ya zo gaishe ni, ya tsaya a soro ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya ce gaskiya ne, suna isa ƙofa mai gadi ya gane Tambari. Ya ce masa, mai kujeru, ka zo a daidai, ana taron ma'aikatan lafiya kuma masu jera kujeru ba su zo ba. Tambari ya naɗe hannun babbar riga ya jera kujera ɗari da wani abu, ya goge tebur, ya ɗaura labule. Da manya suka fara shigowa aka ce masa sannu da aiki, ya jira a waje. Lukuman ya ce ya tuna masa maganar injiniya, sai ya ce ba a yi wa manya tambaya a bainar jama'a, ido da ido sun gama magana.

"To wa za a turo?" na ce.

"Maman Yusra, ni dai abin da na gani da idona, wani ya ba shi ruwan leda."

Ran Asabar ya bayyana babban shirin. Ya ce ba inda ya isa a kafa rumfa a unguwar nan sai bayan gidana, kuma ba a zaunar da baƙo a bakin rami mai wari da ledoji. Abin kunya ne ga Gwandu baki ɗaya. Don haka za a cike ramin na kwana ɗaya, a shimfiɗa kafet, a yi tarba a kai, in baƙo ya ci ya sha ransa ya yi fari sai a gaya masa cewa a ƙarƙashin ƙafarsa akwai matsala. Malama Rifkatu ta ce ita a iya saninta ba a kai mara lafiya asibiti a ce ya yi kwalliya ya ɓoye ƙurjin. Ya ce mata asibiti daban, siyasa daban. Abin da ya ba ni haushi, rabin unguwa sun gyaɗa kai. Mu mutane ne da in baƙo zai zo sai mu tura tsummokara ƙarƙashin gado mu ari faranti a maƙwabta. Tambari ya san inda ya taɓa.

Na aika masa cewa bango nawa ne, kar ya taɓa ramin. Ya aiko cewa takarda tana hannunsa.

Ƙasa tana da nauyi kuma sai an haƙo ta. Shi kuwa yana da aboki mai injin casar shinkafa a Kalgo, inda ɓuntu, wato ɓawon shinkafar da inji ke fitarwa, ya taru tuli guda ba mai so. Ya tafi Kalgo da kansa, ya bi ta Birnin Kebbi a gaban tifa yana ɗaga wa mutane hannu. Aka yi sawu uku. A bakin ramin ta gangare, inda ruwa ke ficewa, ya jingina tsofaffin kwanon rufi guda huɗu ya tokare su da itace don kada ɓuntun ya zube. Lukuman ya duba ya ce wannan tokarar ko zanen shanya ba za ta riƙe ba. Tambari ya ce masa ya bari sai an kawo janareto a tambaye shi.

Wanda bai taɓa zama kusa da tifa uku ta ɓuntu ba bai san ƙaiƙayi ba. Iska ta taso da yamma ta raba shi gida gida. Ya shiga miya, ya shiga nonon Fulani, ya manne wa kifin Kabawa. A masallaci liman yana karatu sahu biyu suna susa. Obinna ne kaɗai bai yi ƙorafi da ƙarfi ba, don maganin ƙaiƙayin da ya shekara a kan kanta ya ƙare a yini ɗaya. Duk da haka ya fito ya ce wa Tambari in da wani shirin a gaba ya riƙa sanar da shi da wuri ya yi oda.

Ran Litinin kaji suka ji labari. Akwai tsakin shinkafa a cikin ɓuntun, kuma ban san Gwandu tana da kaji haka ba sai ranar. Agwagi suka biyo, tumaki suka rufa baya. Na kifa turmi a tsakar gida na hau na leƙa ta saman katanga, sai ga Tambari da sanda a tsakiyar fili yana kora, ya kori na gabas na yamma su sauka. Kafin azahar sun tone rabin aikin sun watsa shi a hanya. Wata tsohuwa Bafulatana ta zo ta yi masa godiya, ta ce tun da take ba ta ga dangin gwamnati da ya tuna da dabbobi ba sai shi.

Sai ya sa aka kwaso yashi aka yayyafa a sama kamar kaurin tafin hannu, ya sa Zabarmawa suka yi ta zuba ruwa har ya kwanta. Ya shimfiɗa tabarmi, ya ɗora jan kafet, ya kafa rumfa biyu. Gaskiya wurin ya yi kyau. In ba ka sani ba sai ka ce filin ɗaurin auren ɗan gwamna ne. Ni da na sani, na sauko daga turmi na zauna na yi kukan da ban yi ba tun ranar sadakar arba'in. Shekara uku mutum yana shiga ramin nan da igiya, gwiwa tana ciwo, ga shi an shafe masa aiki da kafet.

Sauran kwana biyun a rigimar jawabi suka tafi. Tambari ya ce kowace ƙabila za ta yi maraba da harshenta, baƙo ya ga Nijeriya a dunƙule. Nan take aka fara wa zai riga wa. Kabawa suka ce su aka tarar. Fulani suka ce a tambayi tarihi. Lukuman ya ce shi a nan aka yanke masa cibiya, kuma Yarabancinsa bai wuce na zagi ba, in ana so ya yi. Aka koma kan abinci, amala ce za ta zauna a tsakiyar tebur ko tuwon shinkafa. Mai unguwa Bawa ya yi sulhu har muryarsa ta dushe. A duk kwana biyun nan ban ji wanda ya ambaci kwalbati ba.

Ranar Alhamis tun da hantsi an cika. Ina kan turmina. Tambari ya sha shadda ruwan ƙwai da ta ji sitaci, yana gwada lasifika, yana aika mutane bakin titi su hango jerin motoci. Ya zaunar da Mai unguwa a babban tebur a tsakiyar kafet, kuloli jere a gabansa, kujerar baƙo mai hannu an rufe ta da leshi.

Wajen ƙarfe goma ɗan kabu-kabu ya sauke wata mata a bakin layi, siririya, da dogon hijabi ruwan toka da jaka a kafaɗa. Ta tsaya tana dube-dube. Ta bi bayan gidaje ta dawo, ta sake bi ta dawo. Sannan ta nufi Tambari ta tambaye shi gidan Malam Abdulrazak. Ko kallon kirki bai yi mata ba. Ya ce Allahu akbar, ai mai gidan ya rasu, masu ta'aziyya ta ƙofar can suke shiga, ta yi sauri ta ba da hanya ana jiran manyan baƙi.

Na sauko na shimfiɗa mata tabarma. Ta yi mini gaisuwa yadda ya kamata, ta yi addu'a mai tsawo, har idonta ya kawo ruwa. Na tambaye ta ko daga danginmu na garin Dodoru take, don ban gane fuskar ba. Ta ce a'a, sunanta Hafiza, daga sashen ayyuka. Ta buɗe jaka ta fito da fayil, sai ga rubutun Malam, takarda uku, kowace da zanen rami da awonsa a gefe.

"Ban taɓa ganinsa ba, Inna, amma na san hannunsa. A duk masu rubuto mana shi kaɗai yake sa awo. Saboda shi aka sa unguwar nan a cikin shida. Sai dai na zagaya sau biyu ban ga rami ba. Ko an cike shi ne?"

Na ce ta hau turmi.

Ta hau, ta leƙa, na nuna mata da yatsa. Na ce daga ƙafar rumfar can zuwa inda mai jar hula yake zaune, duk rami ne. Mai unguwa yana kan wuri mafi zurfi. Ta daɗe tana kallo. Ta tambaya da me aka cike, na gaya mata. Ta sauko a hankali ta zauna, ta rufe baki da gefen hijabi, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ta ce in yafe mata, ta san gidan makoki ne. Na ce ta yi abinta, ni ma da ba bangona ba ne da na taya ta.

Na nuna mata tsagar da ta fara bi ta cikin ɗaki, ta ɗauki hoto. Amma ta gaya mini gaskiya, tsaga ba ta isa ba. Takardarta tana son tsawo da faɗi da zurfi da hoton ramin kansa. Abin da ba ta gani ba ba za ta rubuta ba, kuma ana jiranta a Dalijan da azahar.

Ta fita, na koma kan turmi. Ta ratsa jama'a ta tsaya a bakin kafet, ta ciro tef ɗin awo da katin aiki ta miƙa wa Malama Rifkatu. Malama ta karanta da ƙarfi, da irin muryar da take kiran sunayen 'yan aji. Obinna ya ce, "Tambari, ga 'yar ɗakinku ta iso, ba ku gaisa ba."

Tambari bai ko girgiza ba. Ya ce ai ya gane ta tun daga nesa, ya tura ta ciki ne don ladabi, a fara da gaisuwar mamaci. Ya ɗauki makirfo ya fara, a madadin Hausawa da Fulani da Yarabawa da Inyamurai da Dakarkari da Zabarmawa. Ta ɗaga hannu ta ce ta gode, ina ramin?

Ya ce ranki ya daɗe a fara zama tukuna, ga kujera. Ta ce ba za ta taka kafet ɗin ba. Ya ce ko fura ce a sha. Ta ce ina ramin. Ya ce ramin yana nan lafiya, an adana shi.

"To in an adana shi sai in rubuta cewa unguwa ta magance matsalarta da kanta. Wurare biyar suna jira."

Ta buɗe biro. Nan unguwa ta tuna abin da aka taru a kai. Waɗanda suka gyaɗa kai ran Asabar su suka fi kowa hayaniya. Masu kifi suka ce dama su tun farko ba su yarda ba. Na ɗaga murya ta saman katanga na ce, "Tambari, ka ɗage kafet ɗin nan ko in manta ina takaba."

Ya juyo ya ce matar Yaya ki kwantar da hankalinki, injiniya tsoro take ji kawai, ta ɗauka wurin ba ƙarfi. Bari ya nuna mata irin aikin da ake yi a Bayan Tasha, ta kai labari gaba. Ya taka zuwa tsakiya, kusa da babban tebur, ya tattare shadda, ya yi tsalle ya dira.

Ba abin da ya faru. Ya dubi jama'a yana murmushi. Mai unguwa ya ce ya isa haka, yana ƙoƙarin tashi. Tambari ya ce a'a, ranka ya daɗe, zauna, ko tifa ce ta hau nan. Ya sake tsalle, wannan karon da duk ƙarfinsa.

Daga gangare muka ji ƙarar kwano. Itacen tokara ya zame, kwanon rufi huɗu suka kwanta, jiƙaƙƙen ɓuntu ya fara tafiya kamar an buɗe bakin buhu. Kafet ya lotsa a tsakiya. Tebur ya karkata, kuloli suka bi layi ɗaya bayan ɗaya, amala da tuwo da aka yi kwana biyu ana rigimar wa zai zauna a tsakiya suka isa ƙasa tare. Lukuman da wani Bazabarme suka fizgo Mai unguwa ta hannun riga, kujerarsa ta wuce ba shi. Rumfa ɗaya ta durƙusa. Da ƙura ta lafa sai ga Tambari a tsaye cikin rami, ɓuntu har ƙirji, miyar agushi a kafaɗa, makirfo yana hannunsa kuma lasifika tana aiki. Duk unguwa ta ji shi yana cewa a kama shi, abu yana tafiya a cikin wandonsa.

Ba wanda ya yi gaggawa. Obinna ya tsuguna a baki ya tambaye shi ko yanzu za a yi jawabin Inyamuranci ko sai an jima.

Injiniya Hafiza ta leƙa ta ce yanzu ta yarda akwai rami, amma ɓuntu take gani, ba ƙasa ba, kuma ba ta auna ɓuntu. Za ta je Dalijan. Da la'asar za ta biyo ta nan. In ta tarar da ramin Malam Abdulrazak yadda ya zana shi, za ta auna. In ba haka ba, sai wata shekara. Ta hau kabu-kabu ta tafi.

Tifa uku, awa biyar. Ban taɓa ganin Bayan Tasha ta haɗu haka ba. Shebur, baro, bokiti, daro, har murfin tukunya. Malama Rifkatu ta tsaya a baki tana ba da umarni, ba wanda ya tambayi wace ƙabila za ta fara. Ni ina miƙa ruwan sha ta saman katanga. Da Tambari ya nemi a fito da shi ya je ya sake kaya ya dawo ya kula da tsari, Mai unguwa, wanda hularsa ba ta fito ba har yau, ya ce a miƙa masa shebur a inda yake. Aka tambaya ina za a zuba abin da aka kwashe, don injiniya ta ce kada a bar shi a hanyar ruwa. Aka buga wa mai inji a Kalgo, ya ce kyauta ba ta komawa. Sai Lukuman ya tuna wa jama'a cewa tsakar gidan Tambari tana da faɗi, kuma ba nisa.

La'asar sakaliya ta dawo. Ta shiga ramin da kanta, ta ja tef, Lukuman ya riƙe mata ɗaya bakin. Ta duba takardar Malam, ta sake ja. Ta ce ramin ya fi na bara faɗi da kusan taku guda, kuma ta wajen bangona. Masu shebur ne, cikin sauri suka haɗa da gaɓar. Taku ɗaya ya rage mini. Ina kan turmi na leƙa gindin bangona. Ta ɗago ta dube ni ta ce kada in damu, a cikin wuraren da ta gani yau ba inda ɗakin kwana yake a bakin rami haka, kuma haka za ta rubuta.

Tambari yana jingine da shebur, shadda ta koma kalar ƙasa, wuya duk ya yi ruɗu-ruɗu da susa. Ya gyara murya ya ce wa na kusa da shi, to kun gani, da bai sa an faɗaɗa shi ba da na uku za mu zo. Ya ce dama shirin ke nan tun farko, ba kowa ake gaya wa komai ba.

Ma'aikata ba su zo da wuri ba, sai da aka yi yayyafi biyu ina kwana da ido ɗaya. Amma sun zo. Ta gefen bangona suka fara jera dutse, sannan suka zuba kwalbati. Ruwan farko mai ƙarfi ya sauko wata Talata da hantsi, na riga na fita takaba. Na shiga ɗakin Malam na zauna a bakin gado, na dafa bango da tafin hannu. Ruwa yana wucewa ta baya da gudu, bango ko motsi. Na yi masa addu'a na shafa.

Can ta ƙetaren layi kuma ina jin muryar Tambari yana neman a kawo masa daro. Ɓuntu ya toshe masa magudana, ruwa ya taso da tifa uku, suna shiga masa falo.